AGOGO SARKIN AIKI, KO KUWA SARKIN ƘARYA?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da wannan mujalla takan isa hannunku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda da yawa za su ga ba ta kai ta kawo ba. Na san akwai tsadar abinci, akwai kuɗin makaranta, akwai rashin tsaro, kuma duk sun fi cancantar tawada da takarda. Amma abin da ya faru a gidanmu a hutun da ya wuce ya hana ni sakat, har na ga in ban amayar da shi ba zai zame mini ciwo. Maganar agogo ce, wannan ɗan ƙarfen da muke ɗaurawa a tsintsiyar hannu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Kakana ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa, da aka zo rabon gado, bayan gonaki da shanun huɗa, sai aka fito da ƙananan kayansa: riguna, da buzu, da tasbaha, da wani tsohon agogo ƙirar Seiko wanda ya daɗe da tsayawa. Gilashinsa duk ya kakkarce, fuskarsa ta yi ja-ja kamar tsohuwar takarda. Agogon ya faɗa rabon baffana, shi kuma ya ba ɗansa, wani saurayi da na girma da shekara uku. Ran nan da yamma yaron ya same ni a zaure, ya ce, “Yaya, kai da ka yi boko, zo ka ba ni shawara. Wani mai tebur a kasuwa ya ce in ba shi wannan gwangwanin na Alhaji, in cika naira dubu biyar, ya ba ni Rolex sabo fil mai ruwan gwal.” Na ce masa, “Shi mai teburin, me zai yi da gwangwanin?” Ya ce shi ma bai tambaya ba.

Ban yi masa wa'azi ba, domin na san wanda ya ga ƙyalli ba ya jin kira. Na ƙirga masa kuɗin Rolex ɗin nasa cif daga ɗan guzurina na makaranta, na karɓi gwangwanin. Kowa ya tashi yana ganin shi ya ci riba. Kafin in komo makaranta ruwan gwal ɗin nan ya fara saɓulewa, ya bar masa wani kore-kore a fata, kamar wanda ya ɗaura ɗanyen ganye.

To, kafin in faɗi ra'ayina, bari mu waiwaya mu ga yadda agogo ya shigo ƙasarmu, don sai an san asalin abu ake sanin darajarsa. Kakanninmu ba su rasa sanin lokaci ba. Suna da asuba da hantsi da walaha, suna da azahar da la'asar, suna auna inuwa da tafin ƙafa, ladan kuma yana tsaye a kan aikinsa. Ita kanta kalmar agogo aro muka yi daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa, kuma har gobe in za mu faɗi lokaci “ƙarfe” muke cewa, saboda ƙarfen da akan buga a bariki a sanar da sa'a. Watau lokacin agogo baƙo ne, tare da Bature ya zo, da ofis, da makaranta, da jirgin ƙasa. A yankinmu kuwa auduga ce ta yi masa jagora. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa. Jirgi ba ya jiran inuwa ta kai taku bakwai. Malamin fuloti da akawun tasha da direban babbar mota su ne farkon masu ɗaura agogo, manomi yana kallonsu daga nesa.

Sai a shekarun 1970 agogo ya sauko hannun talaka sosai. A 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin man fetur ya shigo, daga baya aka yi rabon Udoji, ma'aikata suka cika kantuna. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, taki ya wadata, aka yi hanyoyin karkara, masara ta fara zama amfanin sayarwa. Manomin da ya kai audugarsa fuloti ya komo da kuɗi a aljihu, abin da ke ransa uku ne: keke, da rediyo, da kujerar Makka. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000, kakana yana cikinsu. Duk wanda ya tashi a gidan alhajin wancan zamani ya san tsarabar: dabino, da zamzam, da darduma, da haƙorin Makka, da agogo. Masu ƙarfi su sayo Rado, wanda tun 1962 kamfaninsa ya fito da samfurin DiaStar mai kwanson da ba ya karcewa; matsakaita su sayo Seiko ko Citizen ko Orient. Waɗannan agoguna ba jabu ba ne. Na gaske ne, an saye su da gumin noma, kuma da yawansu suna nan kwance a cikin adakoki da ƙarƙashin gadajen tsofaffinmu, ba wanda ya kula da su.

Na ɗauki na kakana na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Funtuwa, irin masu ɗan akwatin gilashi a gindin inuwa. Ya saƙala madubinsa a ido ɗaya, ya juya agogon, ya daɗe yana duban murfin baya, sa'an nan ya ce, “Ɗana, wannan na wane ne?” Na ce, “Na kakana ne, Baba.” Ya ce, “To, ka riƙe shi da kyau. Rabona da ganin irinsa da ba a taɓa cikinsa ba, an daɗe.” A nan na zauna har la'asar, kuma abin da na koya a kan bencin nan ya fi na wasu laccocin da na halarta, ban da raina malamaina.

Ga abin da ke rubuce a bayan agogon. Akwai lamba 6309, wadda ita ce sunan injin da ke ciki, kamfanin Seiko na Japan ya ƙera irinsa daga 1976 zuwa wajen 1988. Akwai kuma wata doguwar lamba wadda ta fara da 7, sa'an nan 6. A tsarin Seiko, lambar farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera agogo, ta biyu kuma wata. Ke nan an ƙera shi a watan Yuni, ko dai na 1977 ko na 1987, tunda duka biyun suna cikin zamanin injin. Ƙarfe ya kawo mu nan ya tsaya. Sauran sai tarihin gida. Kowa a gidanmu ya san shekarar da Alhaji ya sauke farali, kuma hajjin 1977 a watan Nuwamba aka yi shi. Ashe agogon wata biyar kacal ya yi a duniya, daga masana'anta a Japan zuwa kanti a Hijaz, kafin ya hau hannun wani manomin auduga daga ƙasar Katsina. Da aka murɗa mawaninsa, wanda ke daidai ƙarfe huɗu kamar yadda aka san Seiko 5 tun fitowarsa a 1963, sai ga sunayen ranaku suna juyawa da Turanci da Larabci, alamar don kasuwar Larabawa aka yi shi. Wannan shi ne abin da masana ke kira tantancewa: lambar waje ta yarda da injin ciki, injin ciki ya yarda da fuska, dukansu kuma su yarda da labarin mai shi.

Da ya buɗe murfin, sai na ga abin mamaki. Babu batir. Akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata wanda ke lilo duk sa'ad da hannu ya motsa, lilon nan shi ke naɗe sifirin, sifirin ya tura jerin haƙora, haƙoran su kai ƙarfi ga wani ɗan gargare mai kai da komo sau 21,600 a sa'a guda, watau bugu shida a kowace daƙiƙa. An dasa ƙananan duwatsu 17 a wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe don kada ya ci. Ma'ana, muddin Alhaji yana huɗa, yana shira, yana ɗaga hannu yana kabbara, agogonsa yana samun abincinsa. Da ya kwanta ciwo ya daina motsi, agogon ma ya tsaya. Dattijon ya ce ba abin da ya karye illa mai da ya bushe, da datti, da wata 'yar roba mai hana ruwa shiga wadda ta ruɓe.

Kada mai karatu ya zaci zan ce na tsinci dukiya. Irin wannan agogo an ƙera miliyoyinsa, ko a kasuwar masu tara tsofaffin agoguna kuɗinsa ba zai sayi babur ba. Amma ya fi naira dubun da aka so a yi musayarsa da su nesa ba kusa ba, kuma mai teburin nan ya san haka, shi ya sa ya nema. Ya so ya karɓi abin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana aiki, ya ba da abin da ba zai ga damina biyu ba, a kuma cika masa kuɗi.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa sunan Rolex ya fi ƙarfin hankalin samarinmu? Amsar tana cikin wani juyi da ya faru a duniyar agogo. Ran 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko da aka sayar mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz. A agogon batir na yau dutsen nan yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, don haka ya fi kowane agogon sifirin kiyaye lokaci. Da farko tsadarsa ta kai ta ƙaramar mota, amma kafin shekara goma ya zama na kowa. Masana'antun Suwizalan, waɗanda suka daɗe suna riƙe da kasuwar duniya, suka durƙushe: ma'aikatansu da suka kai kimanin 90,000 a 1970 suka komo kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka tsira sun gane cewa ba za su iya gasa da Japan wajen sayar da lokaci ba, tunda Casio F-91W na roba, wanda ya fito a 1989, ya fi agogon zinariya faɗin gaskiya. Sai suka koma sayar da suna da daraja. Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa harsashinsa a Landan a 1905 kafin ya ƙaura zuwa Janiba, a da an san shi ne da ƙarko, shi ya fito da kwanson Oyster mai hana ruwa shiga a 1926. Yau an san shi da cewa mai shi ya isa. A watan Oktoba 2017 aka yi gwanjon wani tsohon Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman a birnin Niyok, aka saye shi kusan dala miliyan 17.8. Ba don ya fi sauran kiyaye lokaci ba. Don an tabbatar da hannun da ya ɗaura shi.

To, duk inda suna ya fi kaya tsada, nan ɗan jabu yake kafa rumfa, domin buga suna ya fi ƙera inji sauƙi.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. Mafi arahar sabon Rolex na baƙin ƙarfe ya haura dala 5,000. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, ke nan muna maganar fiye da naira miliyan bakwai da rabi. A wannan shekarar ce aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda ke kan wannan albashi sai ya yi kusan shekara tara bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya tara kuɗin. Saboda haka in ka ga ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ɗalibi a ɗakin cin abinci, yana jan hannun riga don a ga kambin Rolex, abu biyu ne: ko dai agogon ƙarya ne, ko kuwa kuɗin da aka saye shi da su suna da tambaya. Mun dai ji a 2019 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ƙawa na kimanin dala miliyan 40 da aka danganta da wata tsohuwar ministar man fetur, cikinsu har da agoguna fiye da 100. Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne saurayin da hannunsa tsarkakakke ne, bai ci na kowa ba, amma ya fitar da kuɗinsa na halal ya sayi abin da zai sa a yi masa zaton ɓarawo.

Na san abin da za a ce mini, don abokan ɗakina sun riga sun faɗa. Suka ce, wa aka cuta? Mai saye ya san jabu ne, mai sayarwa ya san jabu ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Turawan Janiba kuma ba su rasa abin kai wa baka ba don wani ɗan Bakori ya ɗaura Rolex na dubu goma. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma ba zan ɓata hawayena a kan ribar kamfanin da bai san da zamana ba. Na kuma yarda cewa son ado ba laifi ba ne. Bahaushe ya san babbar riga da aska takwas tun kafin ya san agogo.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. Da farko, ba kowane mai saye ne ya sani ba. Ɗalibin jami'a ya sani, amma manomin da ya sayar da masara buhu talatin a kasuwar Dandume, aka tare shi da kwali mai kyau da 'yar takardar shaida da aka buga a bayan gari, aka ce masa wani alhaji ne ya matsu yake son ya rabu da shi a rabin kuɗi, shi bai sani ba. Jabun yanzu ma hawa-hawa ne. Akwai na tebur wanda ko yaro ya gane, akwai kuma wanda ake ƙerawa a Sin da inji mai kwaikwayon na ainihi, wanda sai an buɗe shi gaban gwani kafin asirinsa ya tonu, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Irin wannan ba don ado kaɗai ake yin sa ba. Yana shiga jingina, yana shiga biyan bashi, yana shiga kayan aure, ranar da aka kai shi kasuwa kuma zumunci ya ɓaci. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa ɓoye aibin kaya a ciniki ha'inci ne, mai saye kuma yana da ikon mayarwa. Ban ga dalilin da zai sa a keɓe agogo ba.

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai, mu 'ya'yan manoma mun fi kowa sanin ɗacin jabu. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin mahaifinsa yana Allah-ya-isa a kan buhun takin da aka cakuɗa da yashi ba, ko maganin feshin da aka sirka da ruwa, ko irin da aka rina aka zuba a leda mai tambarin kamfani? Damina guda ake yi a shekara, wanda aka sayar wa jabun taki ya yi asarar shekara ke nan. Mai cakuɗa taki da mai buga kambi a kan gwangwani sana'arsu ɗaya: sayar da tambari ba tare da abin da tambarin ya yi alkawari ba. Ba zai yiwu mu la'anci ɗaya a gona, mu ɗaura ɗaya a hannu muna taƙama ba. Wanda ya saba wa idonsa da cewa tambari kawai ya isa, gobe in ya zama jami'in gona ko mai duba magunguna, da wane ido zai dubi buhun da aka kawo masa ya sa hannu? Ba na cewa duk mai jabun agogo zai ci amana. Ina cewa dai hali ɗan sabo ne.

Na uku gajere ne, kuma duk wanda ya fito daga wajen Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ba ya bukatar dogon bayani. A shekarun nan da satar mutane ta addabi yankinmu, masu hali na gaske ɓoye halinsu suke yi. Wanda ya tare hanya ba ya ɗauke da madubin ido, balle ya duba ko kambin na ainihi ne kafin ya yanka kuɗin fansa.

Ga wanda duk da haka wata rana za a kawo masa agogo a ce na gaske ne, akwai abubuwan da ido zai iya kamawa. Tsinken daƙiƙa na galibin Rolex ba ya tsalle ɗaya-ɗaya kamar na batir, yana tafiya ne da bugu takwas a daƙiƙa har ya zama kamar yana sulalewa, ko da yake kamfanin ya taɓa yin na batir mai suna Oysterquartz daga 1977, don haka wannan ba hujja ce yankakkiya ba. Ɗan kumburin gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, har ta cika tagar. A jabu mai araha lambar takan zauna 'yar ƙarama. Galibin murfin bayansu a shafe yake, ba gilashi, ba zane. A tsofaffi ana samun lambar agogo a jikin kwanso in an cire sarƙa ta wajen ƙarfe shida, lambar samfuri kuma ta wajen sha biyu; tun tsakiyar shekarun 2000 ake zana ta a zoben ciki da ke kewaye da fuska. Amma in faɗi gaskiya, manyan 'yan jabu sun haddace duk wannan kafin ni da kai. Alamar da ba su iya kwaikwaya ba ita ce farashi. Ba wanda zai sayar maka da abin miliyan goma a dubu ɗari biyu don yana ƙaunarka.

Saura maganar gyara da sauye-sauye, inda a nan ne na fi jin tsoro ga agogunan iyayenmu. Dattijon nan ya gaya mini cewa yawancin tsofaffin agogunan da ake kawo masa an riga an kashe su da sunan gyara. Agogo ya tsaya, a kai wa mai gaggawa, ya fizge injin sifirin ya jefa a gwangwani, ya liƙa na batir na 'yan kuɗi kaɗan da gam, mai shi ya tafi yana murna agogo ya tashi. Wani kuma ya ga fuska ta dushe, ya sa a shafe ta da sabon fenti, ko a goge kwanso da inji har kusurwoyinsa su narke. Alhali masu tara agoguna a duniya wannan dushewar suke nema, don ita ce shaidar ba a taɓa shi ba. Tsohuwar zuma da ita ake magani. A Indiya, musamman Mumbai, har sana'a ce guda: a tattaro gawarwakin Seiko da Citizen da HMT, a haɗa kan wannan da cikin wancan, a fente fuska da launi mai ɗaukar ido, a sayar ta intanet a matsayin tsohon agogo na asali. Har an yi wa irinsu laƙabi da sunan garin.

Ni ban ƙi sauyi ba. Akwai samari a ƙasashe da dama da ke sayen injin Seiko mai lamba NH35, su zaɓi kwanso da fuska da tsinkayen da suke so, su harhaɗa agogonsu da hannunsu. Wannan fasaha ce, kuma ina fata in ga ɗalibanmu na sashen injiniya suna yi. In an rubuta Funtuwa a fuskar, ko aka zana furen auduga, ni ne farkon mai saye. Sharaɗin ɗaya ne tak: kada a rubuta sunan da ba nasa ba, kuma ranar sayarwa a faɗi abin da aka canja. Gyararren agogo da aka kira gyararre halal ne. Shi ɗin dai in aka kira shi na asali ya zama zamba. Wani gargaɗi kuma ga masu son kankare tsohuwar fuska: agogunan da aka yi kafin shekarun 1960, masu haske da dare, da yawansu an shafa musu sinadarin radiyam, wanda ya hallaka mata ma'aikata a masana'antun Amurka a shekarun 1920, kuma sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Ko hasken ya mutu, gubar tana nan. Ba abin hurawa da baki ba ne.

Abin da ya rage shi ne mutumin da ke tsakiyar duk wannan, watau mai gyara. In babu shi, ba mai tantancewa, ba mai rayar da tsoho. Dattijon nan ya koyi aikin tun yana yaro a wajen wani maigidansa a Kano, ya ce a da yana da almajirai huɗu a lokaci guda, yanzu ba ko ɗaya, duk sun koma gyaran waya, kuma ban ga laifinsu ba tunda can ne abinci yake. Yawancin aikinsa yau canjin batir ne da rage sarƙa. Idonsa ya fara rauni. Na tambaye shi wa zai gaji akwatin, ya yi dariya ya ce, “Wanda ya sayi gilashin.”

Roƙona ga 'yan'uwa ba mai nauyi ba ne. In kun je gida hutu, ku tambayi iyaye mata su buɗe adaka. In an sami agogo, a rubuta sunan mai shi, da shekarar da ya saya, da inda ya saya, a ajiye takardar tare da shi tun masu sanin labarin suna da rai. In za a kai gyara, a tsaya a wurin, a ce wanki da mai ake so, duk abin da aka cire kuma a ba ka kayanka a hannu. Wanda ke son agogon zuwa ofis, ga Casio nan da Seiko na gaske daidai aljihun ma'aikaci, sunan da ke fuskarsu shi ne na wanda ya ƙera su.

Na kakana dai yana can Funtuwa har yanzu. An wanke injin, an sa mai, ya tashi, sai dai yana gudu da kusan minti ɗaya a yini, dattijon ya ce zai daidaita shi a hankali. Robar murfin ce ba a samu ba, ya aika a nemo a Sabon Garin Kano. Ya tambaye ni ko a canja gilashin tunda ya kakkarce, na ce a bar shi. Akwai wani dogon karce ta wajen ƙarfe tara wanda kakata ta ce ta san ranar da aka yi shi, wai bijimin huɗa ne ya fizge igiya ya haɗa hannun Alhaji da garma, a shekarar da aka haifi mahaifina.